Yadda Ake Hana Saƙo Zagayawa a Netwok Mai Suwic Da Yawa

Duk wanda ya ɗan jima yana haɗa netwok a Legas ya san irin wannan kira: "Malam, intanet ya tsaya, kuma wallahi ba mu taɓa komai ba." Ka je ka tarar da data akwai, rauta tana kunne, amma babu kwamfutar da ke buɗe shafi, firinta ba ta amsawa, hoton kyamarori ya daskare, fitilun suwic kuwa duk suna ƙyaftawa tare ba ƙaƙƙautawa. Sau da yawa dalilin bai wuce kebul guda ba, wanda wani ya gani yana lilo ya soka shi a ƙofar da babu komai, da nufin taimako. Wannan shi ne zagaye, wanda 'yan sana'a suke cewa lup. Na rubuta wannan ne domin ƙannenmu da ke koyon aiki a Computer Village na Ikeja, da waɗanda ake kira su haɗa wa makarantu da otal da ofisoshi netwok daga Agege zuwa Obalende.

Ɗan bayanin da ba makawa sai ka sani

Suwic, wato akwatin nan mai ƙofofi da yawa da ake soka kebul ɗin kwamfutoci a jiki, yana raba saƙo ne da adireshin MAC, lambar da kowace na'ura take zuwa da ita daga kamfani. Idan saƙo ya shigo, yana rubuta ƙofar da mai aikowa yake, don nan gaba ya san inda zai same shi. Amma akwai saƙon shela, wanda ake aika wa kowa da kowa, kamar lokacin da kwamfuta take neman adireshin IP ta hanyar DHCP, ko take tambayar wa ke da adireshi kaza ta hanyar ARP. Irin wannan, suwic yana fitar da shi ta duk ƙofofinsa, ban da wadda ya shigo ta ciki.

To idan hanya biyu ce tsakanin suwic biyu, shelar za ta fita ta ɗaya, ta dawo ta ɗayar, ta sake fita. Saƙon IP yana da ƙidayar da ke raguwa duk lokacin da ya ratsa rauta har ya mutu, amma suwic ba ya duba wannan ƙidaya, kuma saƙon Ethernet, wanda suwic ke aiki da shi, ba shi da tasa. Kamar danfo ne da ya shiga shataletalen da ba mafita, wasu suna ta shigowa bayansa, babu mai fita. Cikin 'yan daƙiƙu hanya ta cika, suwic ya rikice saboda yana ganin adireshi guda yanzu a wannan ƙofa, yanzu a waccan, kwamfutoci kuma suna karɓar saƙo guda sau ba adadi.

Maganin da aka yi wa wannan shi ne Spanning Tree, wato STP. Radia Perlman ce ta ƙirƙiro shi a 1985 tana aiki a kamfanin DEC na Amurka, hukumar IEEE ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990. A 2001 aka fito da mai sauri, RSTP, mai lamba 802.1w. Aikinsa shi ne suwic-suwic su riƙa aika wa juna ɗan saƙo mai suna BPDU duk bayan daƙiƙa 2, su zaɓi ɗaya ya zama tushe, kowa ya nemi hanya mafi sauƙi zuwa tushen, sannan a toshe hanyar da ta yi rara a ajiye ta don ranar da babbar ta yanke. Tsohon STP yana ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe hanyar ajiya. RSTP kuwa yakan gama cikin daƙiƙa kaɗan. Iya wannan ya ishe ka fara aiki.

Kayan aiki

- Laftof mai ƙofar netwok, ko adafta ta USB idan ba ta da ita.
- Kebul na konsol, wanda ke haɗa laftof da suwic kai tsaye ba ta netwok ba, da manhajar PuTTY da ake buga umarni a cikinta, idan akwai suwic na kamfanin Cisco a wurin. Gudun konsol ɗinsu 9600 ne. Idan na kamfanin MikroTik ne, manhajar Winbox.
- Testa ta gwada kebul, mai ɗan kan da ake kaiwa ɗaya bakin.
- Salatif na takarda da maka, ko na'urar buga lakabi idan kana da ita.
- Gajerun kebul biyu masu launin da ya bambanta da na wurin. Da su za ka yi gwaji, launin kuma don kada ka manta su a jiki.
- Takarda da biro.
- Sunan shiga da kalmar sirri na kowane suwic. Ka karɓa tun kafin ka bar gida, don ba a son ka ci go-sulo daga Mile 12 zuwa Ikoyi ka tarar wanda ya san kalmar ya yi tafiya.
- Manhajar Wireshark a laftof. Ba dole ba ne, amma yana nuna maka shelar da idonka.

1. Zana netwok ɗin tun kafin ka taɓa saiti

Wannan matakin ne yara suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Ka bi kowane kebul da ke haɗa suwic da suwic, ka manna lakabi a bakinsa biyu, ka rubuta a takarda: suwic kaza ƙofa kaza zuwa suwic kaza ƙofa kaza. A gine-ginen Legas da yawa kebul yana shiga silin ne ya ɓace, kuma masu aiki daban-daban ne suka ja su a shekaru daban-daban, saboda haka kada ka yarda da ido. Cire baki ɗaya, ka ga wace fitila ta mutu a ɗaya ɓangaren, ko ka sa testa.

Da ka gama sai ka ƙirga. Idan suwic biyar ne, haɗi huɗu ya isa ya haɗa su duka. Haɗi na biyar, ko ina yake, zagaye ne. Kullum adadin haɗin ya kasance ƙasa da adadin suwic da ɗaya, abin da ya haura haka sai ka san dalilinsa.

Kuma ba abin da aka rubuta wa suwic a jiki ne kaɗai suwic ba. Tsohuwar rautar gida da aka ajiye ƙarƙashin tebur don ƙara ƙofofi suwic ce. Wayar tarho ta ofis mai ƙofa biyu a baya tana da ƙaramin suwic a ciki, kuma idan aka soka ƙofofin biyu a bango an yi zagaye. Rediyon da ke haɗa gini da gini shi ma haɗi ne, don haka in daga baya aka ja kebul ko faiba tsakanin gine-ginen aka bar rediyon a kunne, hanya ta zama biyu. Haka na'urar Wi-Fi da ke haɗe da 'yar'uwarta ta iska kuma aka sa mata kebul. Duk ka sa su a zanen.

2. Ajiye saitin da ka tarar, ka zaɓi lokaci

Kwafi saitin kowane suwic ka ajiye a laftof. Aikin nan yana katse netwok na ɗan lokaci, saboda haka ka yi shi bayan an tashi aiki ko ranar Lahadi, kuma ka faɗa wa mai wurin tun da wuri. A MikroTik ka danna Safe Mode kafin ka canza komai, don idan haɗinka da na'urar ya yanke saitin ya koma yadda yake.

Idan suwic tokunbo ne da aka sayo a kasuwa, goge shi gaba ɗaya kafin ya shiga netwok. Yana iya zuwa da saitin tsohon kamfaninsa na Turai, har da lambar da za ta sa ya ƙwace matsayin tushe da zarar an kunna shi. A Cisco: `write erase`, sai `delete flash:vlan.dat`, sai `reload`.

3. Kunna RSTP a kan kowane suwic

Kowane ɗaya, ba babban kaɗai ba. A Cisco:

`spanning-tree mode rapid-pvst`

A MikroTik:

`/interface bridge set bridge1 protocol-mode=rstp`

A masu saiti ta burauza, irin su TP-Link da D-Link, nemi shafin Spanning Tree ka zaɓi RSTP. Lura, wasunsu sai ka kunna shi sau biyu, ɗaya na suwic gaba ɗaya, ɗaya na kowace ƙofa. Kada ka ɗauka ya zo a kunne daga kamfani, duba da kanka.

Idan kayan gauraye ne, Cisco da wasu kamfanoni, kuma akwai VLAN da yawa, wato an raba netwok guda gida-gida a cikin saiti, a nan ake samun tangarɗa, domin tsarin Cisco yana yi wa kowane VLAN lissafinsa daban, sauran kuwa lissafi ɗaya suke yi wa duka. Ni a irin wannan wuri na fi son in mayar da Cisco ɗin `spanning-tree mode mst`, wanda ke jituwa da RSTP na sauran ba tare da rigima ba.

4. Zaɓi tushe da kanka

Nan ne zuciyar aikin. Kowane suwic yana zuwa da lambar fifiko 32768, kuma wanda ya fi ƙaramar lamba shi ke zama tushe. Idan duk lambarsu ɗaya, sai a koma kan adireshin MAC, mafi ƙanƙanta ya ci. Sau da yawa wannan yana faɗawa ne kan suwic mafi tsufa a ginin, wanda wataƙila yana can cikin sito a hawa na uku, ba UPS, kura ta rufe shi. Sai ka ga saƙon ofis duka yana bin doguwar hanya, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta ko ake sauyawa zuwa janareta, tushen ya mutu, a sake zaɓe, ya dawo, a sake wani zaɓen. Mutane su ce intanet yana yankewa, a ɗora laifin a kan masu sayar da data, alhali matsalar tana cikin gida.

Tushe ya zama suwic ɗin da rauta da saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, suke jiki, mafi ƙarfi a wurin, kuma lallai yana kan UPS ko inbata. A garin da wuta take zuwa tana tafiya, wannan ba ƙawa ba ne. Lambar tana tafiya ne da tsallen 4096, daga 0 zuwa 61440. Ba wa tushe 4096, ba wa mataimakinsa, wato wanda zai hau idan tushen ya mutu, 8192, sauran ka bar su yadda suke. Ni ba na sa 0, ina barin ta don ranar da zan buƙaci in ɗora sabon suwic a kan tsohon ba tare da na taɓa sauran ba.

A Cisco, ka lissafa duk VLAN ɗinka: `spanning-tree vlan 1,10,20 priority 4096`. Idan ka koma MST: `spanning-tree mst 0 priority 4096`. MikroTik yana rubuta lambar da wani salon ƙirga, inda 4096 take 0x1000, 8192 kuma 0x2000:

`/interface bridge set bridge1 priority=0x1000`

5. Duba abin da aka toshe

A Cisco buga `show spanning-tree`. A kan tushen za ka ga an rubuta cewa shi ne tushe, kuma duk ƙofofinsa a buɗe suke. A kan sauran za ka ga ƙofa ɗaya mai alamar Root, wato hanyarsa zuwa tushe, inda kuma akwai hanyar rara za ka ga Altn da BLK, wato hanyar ajiya ce kuma an toshe ta. A MikroTik `/interface bridge monitor bridge1` zai gaya maka ko shi ne tushe. Zagaya duk suwic ka tabbatar sunan tushe ɗaya suke kira. Idan biyu suna cewa kowa shi ne tushe, to BPDU ba ya ratsawa tsakaninsu, kuma wataƙila wani suwic marar saiti, wato wanda ba a iya shiga cikinsa a saita shi, ne a tsakiya yake haɗiye shi.

Ɗauko zanenka ka gwada. Idan hanyar da kake so ta zama babba ita aka toshe, duba gudunta. Ana zaɓen hanya ne da kuɗin hanya: a tsohon lissafi megabit 100 kuɗinta 19, gigabit 1 kuɗinta 4, a sabon lissafi kuwa 200000 da 20000. Gigabit yana buƙatar wayoyi takwas ɗin da ke cikin kebul duka su yi aiki. Idan an matse kan kebul ba daidai ba, haɗin yana iya faɗowa zuwa 100, kuɗinsa ya hau, a guje shi. Sake matse kan ya fi canza lamba a saiti. Sannan ka tabbatar duk suwic lissafi ɗaya suke bi, a Cisco ana komawa sabon da `spanning-tree pathcost method long`.

6. Kulle ƙofofin ma'aikata

Zagaye ba kasafai yake fitowa daga ɗakin saba ba, daga teburin mutane yake fitowa. Duk ƙofar da kwamfuta ko firinta ko kyamara take jiki, ka yi mata abu biyu. Na farko ka nuna wa suwic cewa ƙofar ƙarshe ce, don ta buɗe nan take kwamfuta ta samu adireshi ba jira. Na biyu ka sa mata mai gadi, wanda da ya ga BPDU ya shigo zai rufe ta, tunda kwamfuta ba ta da dalilin aiko shi. A Cisco:

`interface range gi1/0/1-20`
`spanning-tree portfast`
`spanning-tree bpduguard enable`

A MikroTik:

`/interface bridge port set [find interface=ether5] edge=yes bpdu-guard=yes`

Biyun tare ake sa su. Wanda ya sa na farko ya bar na biyu ya buɗe ƙofa ne ya sallami mai gadi. Kada kuma ka sa su a ƙofar da ke zuwa wani suwic mai saiti, don za ka yanke hawa guda da hannunka. Akwai wani umarni mai kama da wannan, `bpdufilter`. Ka nisance shi. Idan ka sa shi a ƙofa, ta daina aika BPDU ta daina sauraro, wato ka kashe kariyar a wurin.

Ƙofar da mai gadi ya rufe a Cisco ba ta buɗewa da kanta sai ka yi mata `shutdown` da `no shutdown`. Idan wurin yana da nisa da kai, sa `errdisable recovery cause bpduguard`, za ta sake gwadawa bayan daƙiƙa 300, in matsalar tana nan ta sake rufewa. Ƙofofin da ba a amfani da su kuwa, kashe su kawai.

7. Ƙarin kariya biyu

A kan tushe, ƙofofin da ke gangarawa zuwa ƙananan suwic ka sa musu `spanning-tree guard root`, don kada wani baƙon suwic ya zo ta nan ya ce shi ne tushe. Ban da ƙofar da ke zuwa mataimaki.

Sai Storm Control, wanda ke yanke shela idan ta wuce iyaka. Shi ne ke ceton ka idan zagayen ya faru a cikin ƙaramin suwic marar saiti da ke haɗiye BPDU, inda mai gadi ba zai ga komai ba. A ƙofofin ma'aikata nakan fara da `storm-control broadcast level 5.00`, wato kashi 5 cikin ɗari na gudun ƙofar, in sa ido na 'yan kwanaki. Shela kaɗai ka taƙaita tukuna, kada ka yi saurin taɓa multicast, wato saƙon da ake aika wa rukunin na'urori, a wurin da ke da kyamarori ko talabijin ta netwok.

8. Idan da gangan kake son kebul biyu

Wasu suna jan kebul biyu tsakanin suwic biyu don ƙarin gudu. Haka kawai ba zai ƙara komai ba, RSTP zai toshe ɗaya. Sai ka ɗaure su da LACP su zama hanya ɗaya: `channel-group 1 mode active` a Cisco, ko Bonding mai `mode=802.3ad` a MikroTik. Gama saitin a ɓangarorin biyu kafin ka soka kebul na biyu.

9. Gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ni ban ɗauki aikin a matsayin gamamme ba sai na haddasa zagaye da hannuna na ga an kama shi. Bar `ping -t`, umarnin da ke ta aika ɗan saƙo yana jiran amsa, yana tafiya daga laftof zuwa rauta. Ɗauki gajeren kebul mai launi ka haɗa ƙofofin ma'aikata biyu na suwic guda, hannunka a kai. Ƙofa ta rufe nan take, ping ya ci gaba. In ka ga fitilu sun haukace, zare, ka koma mataki na 6. Bayan haka cire babbar hanya tsakanin suwic biyu, ka ga ta ajiya ta karɓa, bai kamata ka rasa fiye da amsa kaɗan ba. Idan ka jira kusan rabin minti, akwai wanda har yanzu yake kan tsohon STP. A ƙarshe kashe tushen, ka tabbatar mataimaki ne ya hau, ka kunna shi ka ga ya karɓi matsayinsa.

Sannan ka adana: `copy running-config startup-config` a Cisco, maɓallin Save a masu burauza. MikroTik yana adanawa da kansa da zarar ka fita daga Safe Mode. In ka manta wannan, ɗauke wutar farko za ta tafi da aikin yini guda. Manna kwafin zanen a cikin ƙofar akwatin suwic.

Idan babu suwic mai saiti

Ƙananan shaguna da makarantun Islamiyya da yawa ba su da kuɗin sayen irin waɗannan, kuma ba laifi ba ne. Sai dai ka sani marar saiti ba zai kare kansa ba, kai ne kariyar. Yi tsarin tauraro: suwic ɗaya a tsakiya, kowane ƙarami ya zo masa da kebul ɗaya tak, ƙananan kada su haɗu da juna. Kebul ɗin da ke tsakanin suwic ya zama launi daban. Toshe ƙofofin da ba kowa da salatif ko murfin roba, kwashe duk kebul ɗin da ke yawo a ƙasa, ka sa suwic a akwati mai makulli. Ka kuma gaya wa ma'aikata a fili cewa in sun ga kebul a cire su kira ka.

Idan kuɗi ya isa guda ɗaya, saya wa tsakiya. Ko rautar MikroTik da ke wurin tana iya wannan aikin, tunda tana da RSTP da kuma Loop Protect a ƙofofinta. Ƙananan suwic na TP-Link da ake kira Easy Smart ba su da tsada sosai, kuma suna da Loop Prevention da ake kunnawa da danna ɗaya.

Idan guguwar shela ta riga ta tashi

Kada ka ɓata lokaci kana neman shiga suwic ta netwok, ba zai amsa ba, konsol ne kaɗai zai yi. Kashewa da kunnawa ma ba ya magani, da ya tashi guguwar za ta dawo. Fara da tambayar abin da aka soka ko aka matsar a ranar, har da mai shara da mai gyaran AC, cikin lalama, don in ka zo da faɗa ba wanda zai faɗa maka.

In ba a samu amsa ba, tsaya a babban suwic ka riƙa cire kebul ɗin da ke zuwa sauran ɗaya bayan ɗaya, kana jiran 'yan daƙiƙu tsakani, kada ka mayar da wanda ka cire tukuna. Wanda ka zare fitilu suka lafa, reshensa ne ke da matsalar. Mayar da sauran mutane su ci gaba da aiki, ka tafi wancan suwic ɗin ka maimaita har ka kai ga kebul ɗin. A Cisco `show logging` yakan taƙaita maka wahala, domin saƙon MACFLAP yana ambaton ƙofofi biyun da adireshi yake tsalle a tsakaninsu. Da ka samu kebul ɗin, cire shi gaba ɗaya daga wurin, ka rubuta ƙofar a zanenka, ka duba dalilin da ya sa ba ta da mai gadi.